Jirgin Shaƙatawa Mai Gudu a Ruwan Dadin Kowa: Abin da Mai Niyyar Saye Ya Kamata Ya Sani

Jirgin da zan yi bayani a kansa ƙaramin jirgin ruwa ne na shaƙatawa, ƙirar faiba, mai tsawon kusan mita 7, da ɗan ɗaki a gaba da kujerun zama a baya, an kuma ɗaura masa injin Yamaha mai ƙarfin doki 150. Yayana da abokan kasuwancinsa biyu ne suka haɗa kuɗi suka saye shi na hannu a Legas, aka jawo shi a kan tirela har Gombe, kuma tun daga lokacin yake shawagi a tafkin madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Ni aka ɗora wa alhakin mansa da gyaransa, saboda haka na san shi a ranar da yake faranta wa kowa rai, na kuma san shi a ranar da ake zama a lissafa abin da ya ci. Duk wanda ya gan shi yakan tambaya ko ya cancanci kuɗinsa. Amsata ita ce jirgin ya cika alkawarinsa, sai dai rabin daɗinsa ya rataya ne a kan abubuwa uku da ba a sayar da su tare da shi, wato matuƙin da ya san ruwan, da makaniken da ya san injin, da mai jirgin da zai iya kame hannunsa daga totur.

Dole a fara da ruwan, domin shi ne yake ba gudu ma'ana. Madatsar tana kan kogin Gongola a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, tafiyar ƙasa da kilomita 40 gabas da garin Gombe idan aka bi hanyar Biu ta Kwadon. Gwamnatin tarayya ce ta gina ta a shekarun 1980, daga nan garin Gombe yake samun ruwan sha, akwai kuma tashar lantarki mai megawat 40 a jikinta. Tafkin da ya taru a bayanta yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 300 idan ya cika, ya miƙa arewa ta inda kogin yake gangarowa daga wajen Nafada. Wanda ya tsaya a bakin gaɓa ɗan yanki kawai yake gani. Mai kwalekwale da filafili zai iya cinye yininsa bai fita daga ɓangare guda ba, shi kuwa jirgin nan yakan kai mutum inda gaɓar da ya baro ta zama siririn layi cikin ɗan lokaci, ya dawo da shi kafin la'asar ta yi sanyi. Wannan shi ne ainihin abin da ake saye, wato damar ganin ruwan gaba ɗayansa a yini guda.

Wasu suna ɗauka cewa irin waɗannan jirage sai masu teku, alhali ba haka ba ne. Kamfanin Riva na ƙasar Italiya, wanda ya yi suna a duniya da jiragen shaƙatawa masu gudu, a bakin tafki ya soma a 1842, a garin Sarnico da ke gaɓar tafkin Iseo, kuma faɗin wannan tafki kusan murabba'in kilomita 65 ne kawai. Namu ya ninka shi fiye da sau huɗu. Abin da suke da shi wanda mu ba mu da shi shi ne tsohuwar al'adar shiga ruwa domin nishaɗi, da matsayar jirage, da masu gyara da suka gaji sana'ar. A Najeriya ma Legas ce ta riƙe wannan al'ada, inda masu hali suke ajiye jiragensu a kulob na Ikoyi suna fita zuwa bakin teku a ƙarshen mako. A wajenmu ruwa wurin neman abinci ne na masunta da manoman rani, don haka duk wanda ya kawo jirgin shaƙatawa ya sani baƙo ne, kuma ana sa ran ya yi zaman baƙunta da ladabi.

Daɗin jirgin yana bayyana ne a daƙiƙun farko da aka tura totur. Idan ana tafiya a hankali, cikinsa yana nutse a ruwa yana turawa, injin yana gurnani, ruwa yana tsagewa gefe da gefe. Da matuƙi ya ƙara wuta sai hancin jirgin ya ɗaga sama kamar dokin da aka ja wa linzami a filin hawan salla, har wanda yake zaune a baya ya daina ganin gabansa na ɗan lokaci. Daga nan hancin ya sauko, jirgin ya haye saman ruwa ya kwanta sosai, ƙarar injin ta daidaita, ruwan da yake fesowa ya koma can baya, sai mutum ya ji nauyin da yake danne jirgin ya saki. An ƙera ƙasansa ne musamman domin haka, gaba da tsini domin yanka igiyar ruwa, baya kuwa a shimfiɗe domin ruwa ya ɗaga shi idan gudu ya kai. Da mutum biyar ko shida a ciki yakan haye cikin sauƙi, ya riƙe gudun da ya kai kilomita 40 a awa ba tare da an takura wa injin ba, idan kuma aka buɗe masa duka yakan wuce 50. A kan titi wannan ba gudu ba ne, amma a kan ruwa, inda fuska take kusa da shi iska kuma tana dukan ƙirji kai tsaye, ya isa ya sa dattijo ya riƙe hularsa yana murmushi.

Na fi yaba masa a wajen juyawa. Yana kwantawa cikin kwana a natse, ba ya zamewa, sitiyarinsa kuma ba ya wahalar da hannu. Idan iska ta taso da yamma ruwa ya soma tsalle, yakan buga ƙirji idan aka nace da gudu, amma da an rage kaɗan aka danna maɓallin da yake sunkuyar da injin domin hanci ya sauko, sai bugun ya lafa. Wannan maɓalli shi ne abin da sabon matuƙi ya fi jinkirin fahimta, alhali da shi ake samun tafiya mai laushi da ragin shan mai.

Akwai kuma abin da jirgin ya yi wa zumuncinmu, wanda ba na son in raina shi. A garin Gombe wuraren da magidanci zai kai iyalinsa su wuni tare cikin mutunci ba su da yawa. Jirgin ya ba mu wurin da iyaye mata da yara da surukai suke zama waje guda ba tare da hayaniyar gari ba, a ɗauko abinci daga gida, a sayi ƙarfasa ko tarwaɗa a hannun masunta, a tsaya a wata gaɓa mai yashi a yi azahar cikin jam'i. Yaran da suka san sunan kogin Gongola a littafin makaranta kawai yanzu sun san zalɓe da kirinjijiya da idonsu, sun san kuma inda ruwan famfon gidansu yake fitowa. Mahaifiyarmu, wadda ta daɗe tana ƙin shiga, ita ce yanzu take tambayar ranar da za a fita.

Ɗakin da ke gaba shi ne ɓangaren da na fi ganin an biya kuɗinsa ba a mora ba. An tsara shi ne domin ƙasashen sanyi, inda mutum yake neman mafaka daga iska, shi ya sa tagoginsa ƙanana ne, rufinsa a ƙasa, katifunsa kuma an lulluɓe su da leda. A bazarar Gombe, wajen watan Maris da Afrilu, babu wanda zai iya zama a ciki da rana, ko yaro aka kwantar sai ya tashi sharkaf da gumi. A ƙarshe ya zama ma'ajin rigunan ceto da kulolin abinci da tabarmi, sai kuma wurin da mata suke keɓewa idan buƙata ta taso, wanda wannan kam amfani ne na gaskiya. Amma ɗakin ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon jirgin, ya kuma ƙara masa nauyin da ake biya da fetur. Abin da ya fi yi mana aiki shi ne rumfar tamfol da muka sa aka ɗinka aka ɗora a kan ƙarafa a saman kujerun baya. Wanda zai saya domin ruwanmu, buɗaɗɗen jirgi mai faffadar rumfa zai fi masa.

Injin kuwa ba ni da abin da zan zarge shi da shi. Mai silinda 4 ne, girmansa kusan lita 2.7, nauyinsa ya haura kilo 200, kuma irin wanda ake zuba wa baƙin mai a wurinsa daban ne, ba irin ƙananan injunan masu jigila ba da ake gauraya musu baƙin mai da fetur. Saboda haka ba ya hayaƙi, ƙararsa kuma ba ta hana hira idan ana tafiya tsaka-tsaki. Yana tashi da murɗa makulli ɗaya ko da sanyin hunturu. Abin da yake nema shi ne a sauya masa baƙin mai da matata duk bayan awa 100 na aiki ko sau ɗaya a shekara, a duba man giyar da ke ƙasa kusa da farfela, a kuma sa ido a kan siririn ruwan da yake tsartowa ta bayansa. Wannan tsartuwa ita ce shaidar cewa famfon da yake zuƙo ruwan tafki domin sanyaya injin yana aiki. Cikin famfon akwai ɗan fanka na roba, kuma ruwanmu na damina mai laka da yashi yana cinye shi da wuri, don haka muna sauya shi kafin ya gaza, muna kuma ajiye wani a jirgi. Duk ranar da tsartuwar ta yi rauni, a kashe injin nan take a duba, domin 'yan mintoci na zafi sun isa su jawo asarar da ta fi kuɗin man shekara.

Maganar mai ita ce take raba mai sha'awa da mai iko. Ƙa'idar da masu jirage suka sani ita ce injin fetur yana shan kusan lita 4 a awa a kan kowane ƙarfin doki 10 idan aka buɗe masa duka, wato namu zai sha lita 55 zuwa 60 a awa guda. Idan aka tsaya a matsakaicin gudu shan yakan sauko zuwa kusan rabin haka, shi ya sa na ce kame hannu daga totur wani ɓangare ne na mallakar jirgin. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin fetur ya ninka sau da yawa, kuma kowace fita sai an yi mata tanadi tun daga gida. Babu gidan mai a bakin ruwa, a jarkoki muke ɗaukowa, kuma ba ma sayen na bumburutu ko da an matsu, domin fetur mai ruwa ko datti shi ne babban abokin gaban irin wannan inji. Mun sa masa ƙarin matata mai raba ruwa da mai tsakanin tanki da inji, wadda ita ce kayan da ya fi kowane arha ya kuma fi kowane amfani a cikin abin da muka ƙara. Muna bin tsarin kasa man gida uku, kashi ɗaya na tafiya, kashi ɗaya na dawowa, kashi ɗaya kuma ba a taɓa shi.

Makanike yana da wuyar samu. Masu gyaran mota a Gombe suna da hannu, kuma cikin injin bai yi nisa da na mota ba, amma ƙafar da take shiga ruwa da giyarta da na'urar kwamfutar da take sarrafa mai suna buƙatar wanda ya saba da su. Namu daga nesa yake zuwa, mu biya masa kuɗin mota da masauki, kayan gyara kuma daga Legas ko Fatakwal ake aikowa, farashinsu yana bin dala. Ƙaramin abu yakan ajiye jirgin makonni a kan tirela.

Na zo kan abin da ya fi damuna. Tafkin Dadin Kowa ba fili ne fetal ba. Ruwan ya kwanta ne a kan tsofaffin gonaki da dazuzzuka da tuddai, kuma tsayinsa yana sauyawa tsakanin ƙarshen damina, lokacin da yake cike, da ƙarshen rani, lokacin da ya ja baya. Wurin da aka wuce lafiya a watan Oktoba yana iya zama kan kututture ko dutse a watan Afrilu, a ɓoye ƙarƙashin ruwan da bai kai kamu biyu ba. Akwai na'urar auna zurfi a jirgin, tana kuma aiki daidai, amma zurfin da ke ƙarƙashin jirgi take nunawa, ba abin da ke gabansa ba, kuma a gudun kilomita 40 kafin ta yi magana an riga an isa. Ga kallin masunta, wato ragar kamun kifin da suke shimfiɗawa da dare, wanda alamarsa ba ta wuce gorar roba ko guntun soso da yake lilo a kan ruwa ba. Ga kuma dorinar ruwa, wadda kowa a yankin Hinna, garin da ke kusa da madatsar, ya san tana nan, ya san kuma ɓarnar da take yi wa gonaki da haɗarinta ga mai kwalekwale, musamman uwa mai ɗa.

Saboda haka ne muka ɗauki wani dattijon masunci ya zama matuƙinmu, bayan mun kai gaisuwa wajen sarkin ruwa mun kuma nemi izinin masu kula da madatsar, waɗanda suka nuna mana iyakar da ba a ƙetarewa kusa da bango da mashigar ruwan injunan lantarki. Shekarunsa a ruwan sun fi na yawancinmu a duniya, kuma yana karanta fuskar ruwa ta launinsa da yadda iska take karyewa a kansa. Wata rana yayana yana riƙe da sitiyari muka hango kwalekwale biyu suna jan taru, sai dattijon ya ɗora hannu a kan totur ya ce, "Alhaji, a sauke tun daga nan, igiyarmu za ta riga mu isa wurinsu." Yayana ya ce, "To, Baba," ya sauke. Muka wuce su a hankali muka yi sallama, na ga bakin kwalekwalensu bai fi tafin hannu ba tsakaninsa da ruwa saboda nauyin kifi da jiƙaƙƙen taru. Igiyar da jirginmu yake tayarwa, wadda mu ba ma ko jin ta, ta isa ta cika musu jirgi ta zubar da wahalar darensu, ko ta yi abin da ya fi haka muni. Kuma igiyar ta fi girma ne a daidai lokacin da hanci yake sama, wato rage gudu rabi da rabi ya fi cutarwa, sai dai a sauke gaba ɗaya. Mai jirgin da bai san wannan ba bai cancanci riƙe makulli ba, komai yawan kuɗin da ya biya. Idan kuma farfela ta yanke wa wani kalli, a neme shi a biya shi, kada a jira ya zo yana nema, domin jarinsa ke nan.

Jirgin ruwa ba shi da birki, kuma da ƙarfin farfela yake juyawa, saboda haka wanda ya saki totur a firgice ya murɗa sitiyari zai ga jirgin bai amsa masa yadda yake so ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a miƙa wa saurayi tuƙi don kawai ya iya mota. Akwai jar igiya da matuƙi yake ɗaurawa a jikinsa, wadda take kashe injin idan ya faɗa ruwa, kuma a jirginmu ba a tayar da inji sai tana ɗaure. Rigunan ceton da suka zo da jirgin sun tsufa, babu kuma na yara, sai da muka sayi sababbi daidai da girman kowa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda hedikwatarta take Lokoja, ta wajabta sanya rigar ta kuma hana tafiyar dare, mu ma ba ma kaiwa magariba a ruwa, ba ma kuma fita idan hazo ya rufe ko hadari ya haɗo daga gabas. Babu Bahaushen da ya manta da Bagwai ta jihar Kano, inda jirgi ya kife a ranar 30 ga Nuwamban 2021 aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da suke kan hanyar zuwa Maulidi. An rubuta adadin mutanen da jirginmu zai ɗauka a wani ƙaramin allo kusa da sitiyari, kuma ko ranar salla da gida ya cika da baƙi ba ma ƙara ko jariri a kai, gara a yi sawu biyu.

Saukar da shi ruwa da fitar da shi aiki ne. Babu siminti mai gangara da aka yi domin haka a inda muke shiga, sai gaɓar ƙasa wadda take sauya wuri da ja da bayan ruwa, don haka ana buƙatar mota mai jan ƙafa huɗu da matasa masu taimako. A gida kuma sai an yi masa rumfa, domin ranar Gombe tana dusar da fentin faiba tana farfasa ledar kujeru cikin ɗan lokaci.

Ga wanda zai sayo na hannu daga Legas, ya tuna cewa jirgin ya yi rayuwarsa a ruwan gishiri. Ruwanmu mai daɗi ne, ba zai ƙara masa tsatsa ba, amma ba zai warkar da wadda ya taho da ita ba. A sa makanike ya haɗa injin da kwamfuta a ga ainihin awannin da ya yi, a buɗe wayoyin lantarki a ga ko sun yi kore, a taka daɓen jirgin ko'ina a ji ko yana lotsawa, a kuma girgiza ƙafar injin da ƙarfi a ga ko bangon bayan da yake riƙe da shi yana motsi, domin a jirage da yawa katako ne a cikin faibar, idan ya sha ruwa ya ruɓe gyaransa babba ne. A gwada shi a kan ruwa da mutane a ciki, ba a kan tirela ba. Tirelar ma a duba ta da kyau, tun daga tayoyi har ƙarafan ƙasa, domin tafiyar da ta haura kilomita 1,000 take jiran ta. Wanda ya sayar mana bai ambaci cewa famfon da yake kwashe ruwa daga cikin jirgin ya mutu ba, sai da muka iso Gombe makanike ya gano, kuma abu ne da minti biyar na gwaji ya isa ya bayyana shi.

Shawarata ga mutum ɗaya da zai fita sau biyu ko uku a shekara ita ce kada ya saya, domin inji yana lalacewa da zama fiye da yadda yake lalacewa da aiki, fetur yana tsufa a tanki, batir yana mutuwa. Tsarin da ya yi mana aiki shi ne na haɗin gwiwa: gida uku, asusu guda na gyara da albashin matuƙi wanda kowa yake zubawa duk wata, kowa kuma ya sayi man fitarsa, an rubuta komai a takarda da shaidu tun ranar farko har da yadda za a yi idan wani ya so janyewa. Da wannan tsari jirgin ba ya zama, nauyinsa kuma bai karya kowa ba. Idan lokacin sauya shi ya yi, abin da zan ba su shawara a kai shi ne buɗaɗɗen jirgi mai tsawon mita 6, da rumfa tun daga masana'anta, da inji mai ƙarfin doki 115, wanda zai ɗauki iyali guda ya haye ruwa da su ba tare da shan man wannan ba.